Turkudin Surukin Rissa

Rawanin da surukinsa ya ba shi ne ya ɓata wa Rissa fuska. A kasuwar Belbeji wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu, duk ba haka ba ne. Rawani ne na turkudi, baƙin nan mai sheƙi da ke zubar da shuni a jiki. Na ga abin tun farkonsa, saboda a gidana Rissa yake sauka.

Ni Ila, dusa da kanwa da igiya nake sayarwa. Rissa Buzu ne, makiyayi daga wajen Tenhiya. A zauren ubana ubansa yake sauka ranar kasuwa, da muka girma ni na gaji zauren, shi ya gaji tabarmar. Tun muna yara na san shi da kirci a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. In bazara ta yi sai ya taso, ya yi ta susa, matarsa Dado ta shafa masa man shanu, ya lafa. Bai taɓa hana shi kiwo ba.

Shekarar da ruwa ya ƙi, dabbobin Rissa suka ƙare, ko akuyar tatsa bai tsira da ita ba. Uban Dado, Almustafa, tsoho ne mai taguwoyi da yawa, wato raƙuma mata, 'ya'yansa maza kuma duk sun tafi Libiya ba su son kiwo. Sai ya tara mutane ya danƙa wa Rissa garken: ya kiwata, iyalinsa su sha nono, in an haihu a riƙa ware masa nasa har ya tayar da garke. A wurin taron ya ba shi rawanin. Duk wanda ya ga Rissa da turkudin nan ya san taguwoyin Almustafa a hannunsa suke, kuma ya san ba ɗan ƙwadago ba ne. Abin da Rissa yake ci da shi ke nan, ba shi da wani.

Su Buzaye kunyar suruki ba irin tamu ba ce. Mutum ba ya sauke amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci, a gaban uban matarsa. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce amgar, haka suke ce wa babba. Shi kuma turkudi ba a wanke shi, in ka sa masa ruwa ka kashe sheƙin. Gumi ya shiga, a yayyafa turare, gumi ya sake shiga, a ƙara turare.

Wata rana bayan kasuwa ta tashi, matata Asibi ta aiko mana da tuwo zaure. Ni da Rissa mun daɗe da wuce kunya, a gabana yakan sassauta amawali ya ci abincinsa. Ran nan sai ya juya mini baya yana cusa loma ta ƙarƙashin ƙyalle.

Na ce, "Buzu, yaushe na zama surukinka?"

Ya ce, "Ci tuwonka, Bahaushe."

"Ko haƙori ka zubar kake ɓoyo?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Hannunsa na hagu kuwa bai huta ba, yana ta murzar kumatu ta bisa rawanin. Da safe bayan ya tafi, Asibi ta je share zaure, ta dawo riƙe da matashin da ya kwana a kai.

Ta ce, "Baban Sadiya, baƙonka ba shi da lafiya. Shuni na saba wankewa. Wannan da jini a ciki."

Da kasuwa ta zagayo ya dawo, na saki asabarin zaure na zauna a bakin ƙofa na ce ya buɗe. Ya ce ba komai. Na ce to ba zai fita ba, ya ajiye cefanen har gobe. Muka yi ta ja, har ya gaji ya warware. Daga ƙarƙashin ido har wuya fatar ta yi kauri ta tsattsage, wani wuri ya bushe yana ɓarewa, wani wuri yana tsatsar ruwa, shuni ya shiga cikin tsagar ya zauna. Bayan kunnuwa ya dare. Na tambaye shi da me yake wankewa. Ya ce da omo da ruwan zafi, don zafin ruwan ne kaɗai ke kashe masa ƙaiƙayin na ɗan lokaci. Wani kuma a bakin rijiya ya ce ya goga kanwa da lemun tsami, ya goga.

Na ce, "Kanwar da nake sayar maka ta raƙuma ce."

Na tasa shi gaba muka tafi gidan likita. Majon da ke wurin, wato ma'aikacin jinya, wani saurayi ne ɗan Damagaram, Sidi. Ya gane irin mutumin da na kawo, ya sallami matar da ke taya shi aiki, ya rufe ƙofa, sannan Rissa ya buɗe. Majo ya duba, ya duba lanƙwasar hannun ma, ya ɗauki bakin rawanin ya shinshina ya ajiye.

Ya ce, "Baba, kircinka ne na dā ya hau fuska. Ba ya kama kowa, ba kuturta ba ce. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ba a warkewa a rabu da shi. Lallaɓa shi ake yi."

Ya ba shi wani ɗan fomad, maganin shafawa, ya ce ya shafa kaɗan-kaɗan na 'yan kwanaki har zafin ya kwanta, daga nan ya bari. Ya ce sauran aikin ba na likita ba ne, na gida ne. Omo na tufafi ne, kada ya sake taɓa fuska da shi, haka sabulu mai ƙamshi. Ruwa kada ya yi zafi. In ya wanke kada ya goge da ƙarfi, ya ɗan danna ƙyalle, tun fatar da damshi ya shafa man kaɗanya wanda ba a sa wa turare ba, ko basilin fari, safe da yamma da duk lokacin da ya ji ta bushe.

"Ko ta yi kyau kada ka bari. Ranar da ka ga ta yi kyau, man ne ya sa. Kuma ka yanke farcen nan, kamar na shaho."

Rissa ya ce, "Man shanu fa?"

"In sabo ne babu laifi, amma naku yana daɗewa a salka ya yi ɗaci. Kaɗanya ta fi."

Sai ya zo kan rawanin. Ya ce ƙyallen yana da kaushi saboda bugun da aka yi masa, ga shuni, ga turare, ga gumin da ba a taɓa wankewa ba, duk suna kwance a kan fatar da dama ba ta da ƙarfi. Ya nemi farin yadi na auduga mai laushi, a wanke a ɗauraye da kyau, ya riƙa canzawa.

Rissa ya ce, "Wannan kuma na yi yaya da shi?"

"Ka ninke ka ajiye."

"Ba zai yiwu ba."

Majo ya dube ni. Na ce surukinsa ne ya ba shi. Ya ce to a gaya wa surukin. Rissa ya mayar da amawalinsa ya miƙe, ya yi godiya.

Sa'arsa ɗaya, damina ta faɗi. Ya kora taguwoyi arewa inda ciyawa take, tsohon kuma ya zauna a mazauninsa saboda ƙafa. Can babu wanda zai gan shi sai Dado da 'ya'yansa. Kafin ya tafi na yanko masa farin yadi, Asibi ta wanke shi har ya yi laushi, ta cika masa gwangwani da man kaɗanya. Ya karɓa yana cewa mun mai da shi amarya.

Da kaka ya dawo, ya shigo zaure da farin rawani, bai jira na tambaya ba ya sauke. Fatar ta kwanta, sai duhun tabo a kumatu. Ya ce Dado ce ta riƙe abin. Ita ke ware masa ruwa a kwano tun safe, ita ke wanke yadin, in ta ga hannunsa ya nufi fuska sai ta buge shi da muciya. Ya ce akwai lokacin da man ya ƙare, kafin a samo wani ƙaiƙayin ya fara dawowa, daga nan ya yarda da maganar majo.

Na ce, "Ashe kana da fuska. Na zaci rawani ne kawai da idanu."

Ya ce, "Ta fi taka, ko da tabon."

Amma ranar da zai je gaida tsohon, a zaurena ya cire farin ya naɗa turkudi. Asibi ta ba da shawara ya sa farin daga ciki, baƙin daga waje. Ya yi haka. Ya ɗan taimaka, sai dai in rana ta yi gumi yana jiƙa duka biyun, shunin ya ratso. Ga shi kuma tsohon mutum ne mai son karrama baƙo, da ka zauna zai miƙo kwalbar turare a zazzaga maka a rawani, ba a cewa a'a. Duk gaisuwa ɗaya sai Rissa ya yi kwanaki yana jinya. Hakan ma da sauƙi, tunda gaisuwa ce, a je a dawo.

Da rani ya yi nisa tabkuna suka ƙafe, kowa ya koma rijiya. Almustafa ya ce ya tsufa da zama shi kaɗai, yana so ya riƙa ganin taguwoyinsa da jikokinsa. Ya sa aka kwashe bukkarsa aka kafa ta kusa da ta Rissa, a bakin rijiyar da suke shayarwa. Daga ranar Rissa ba shi da wurin sa farin yadi. Da safe tsohon yana zaune a inuwa yana kallon garke na fita, da rana yana bakin rijiya, da yamma ana shayi a gabansa.

Da ya zo kasuwa na ga yadda yake murzar fuska na gane. Na ce ni zan je na gaya wa tsohon, ni ba surukina ba ne, babu kunya tsakanina da shi.

Ya ce, "Ka ce masa me?"

"Na ce rawaninsa yana cin fuskarka."

"Mutum ya ɗauki dukiyarsa ya ba ni, ya tufatar da ni a gaban jama'a, sai na aika masa Bahaushe ya ce kyautarsa cuta ce?"

"To ba cutar ba ce?"

"Ila, in ka taka wurin amgar da wannan magana, na bar zaurenka."

Na san shi, in ya faɗa zai yi. Na koma ta wajen Dado. Ranar da ta zo sayen gero na sa Asibi ta ja ta cikin gida, ni ina daga bakin ƙofa. Asibi ta ce mata ke 'yarsa ce, ki faɗa masa mana. Dado ta ce da uwarta na da rai da an gama, ita ce mai shiga tsakani. Amma 'ya ba ta zama gaban ubanta ta yi zancen jikin mijinta. Ta ce ko ta daure ta fara, tsohon zai tashi ya bar mata wurin kafin ta kai ƙarshe. Kuma Rissa ya hana ta.

Asibi ta ce, "To sai ku zuba ido fuskar ta ruɓe?"

Dado ta ce, "Ina shafa masa man. In na shafa sai ya rufe da abin da ke kawo shi. Ki ƙara mini gwangwani ɗaya."

Akwai kuma Sulaiman, ɗan ƙanen tsohon, wanda tun farko yake ganin shi ya kamata a ba garken. Bai yi wa Rissa wani sharri ba, gaskiya. Yana nan dai kusa, kullum da rawaninsa a gyare, yana taya jan ruwa ba a sa shi ba. Rissa yana ganinsa, shi ya sa ko yini ɗaya bai yarda ya fito da fari ba.

Tsakiyar bazara Dado ta kawo shi a amalanken jaki. Jikinsa zafi kamar garwashi, rawanin ya manne da fata, sai da majo ya jiƙa shi da ruwa ya ɓamɓare a hankali. Susar ta buɗe fatar, ƙazanta ta shiga, duk ta yi ruwa ta yi ɓawon rawaya. Fatar idanun ta kumbura har ba ya gani sosai. Dado ta ce a haka yake fita kiwo, sai da taguwa ta ɓace ya kasa bin sawunta, Sulaiman ne ya nemo ta.

Majo Sidi bai yi faɗa ba. Ya yi masa allura, ya ba da ƙwayoyi, ya wanke wurin. Da ya gama ya ce, "Baba, yanzu ya kai bakin ido. Na iya kashe wannan ruwan, amma in ka mayar da ƙyallen nan zai dawo, kuma ban san inda zai tsaya ba. Ka zaɓa."

Rissa ya ce, "Makaho ba ya kiwo."

"Ba ya yi."

A zaurena ya yi jinya. Dado ta koma wurin yara, ta ce wa ubanta zazzaɓi ne ya kwantar da shi, wanda ba ƙarya ba ne. Tsohon ya aiko da gaisuwa da cuku, ya ce Sulaiman zai riƙe taguwoyi kafin Rissa ya tashi. Kullum Asibi ta aiko da ruwa mai ɗan ɗumi da wankakken yadi, ni na zauna a kansa har ya shafa man. Ba ya son zaman gari, ya ce katanga tana matse masa ƙirji. Yakan zauna yana kallon turkudin da ke ninke a kan buhun dusa. Ni ban ƙara ce masa komai a kai ba, na riga na faɗi nawa.

Ranar da zai koma, kumburin ya saɓe, fatar ta haɗe. Ya naɗa farin yadi, ya sa turkudin a jakar fata ya rataya.

Na ce, "Haka za ka shiga wurinsa?"

Ya ce, "Haka."

Abin da ya faru can, shi ya ba ni labari da kansa daga baya. Ya isa da la'asar ana shayi. Ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa kamar yadda ya saba, amawali har ƙarƙashin ido. Tsohon ya amsa, ya yi masa barka da tashi, ya dubi rawanin ya daɗe yana dubawa. Bai tambaya ba, don shi ma a wurinsu suruki ba ya tambayar mijin 'yarsa irin wannan. Ya miƙo kwalbar turare. Rissa ya karɓa da hannu biyu, ya taɓa ta a goshi, ya miƙa wa na kusa da shi bai zuba ba. Kowa a wurin ya gani.

Washegari ya fito da fari, jibi ma haka. Mutane suka fara magana a bakin rijiya, wai Rissa ya je birni ya raina kyautar amgar, wai yana so ya nuna ba ya ƙarƙashin kowa. Tsohon ya jira har ranar da aka taru sunan wani jariri. A nan ya ce, a gaban kowa, Sulaiman ya saba da taguwoyin yanzu, su ma sun saba da shi, a bar su a hannunsa. Rissa bai daɗe da tashi daga ciwo ba, ya huta.

Da ya gama ba ni labarin na ce, "Kai ma da taurin kai kake. Tabon yana nan a fuskarka. Da ka ja amawalin nan ƙasa sau ɗaya, tsohon ya gani da idonsa, ai da magana ta ƙare."

Ya dube ni ya ce, "Kai ka taɓa tuɓe wando a gaban uban Asibi?"

Na ce wannan daban.

Ya ce, "A wurinku."

Ban sani ba ko Almustafa ya taɓa jin gaskiyar abin. Dado ta ce tana zaton ya ji daga bakin mata, amma ya riga ya yi magana a gaban jama'a, kuma irinsa ba ya janyewa. 'Yan raƙuman da aka ware wa Rissa ba su isa yaye ba, suka bi uwayensu.

Yanzu Rissa yana Tanut, yana gadin mangazar hatsi, wato sito, ta wani ɗan kasuwa da na haɗa su. Idanunsa lafiya lau. Fuskar takan ɗan taso da bazara, ya ƙara mai, ta kwanta. Dado ta kafa bukkarsu a wani kango bayan tasha. Taguwoyin suna hannun Sulaiman, sun ƙaru. 'Ya'yan Rissa da suka tashi da nonon raƙumi safe da yamma, yanzu kunu suke sha, ƙaramar ma ba ta san ɗanɗanonsa ba.